Ƙwallon Ɗan Aro da Ba Mu Gani Ba

Ina bisa rufin gidan kallo, ina ɗaure kwanon parabol da iskar teku ta karkatar, sai waya ta yi ƙara a aljihuna. Safiyar Lahadi ce, kuma a duk shekarun da na yi a aikin nan babu ranar da ta zauna mini a rai kamarta. Na duba na ga lambar Garba. Na ɗauka ina jiran ya fara tsokanata kamar kullum, sai na ji muryar mace. Zinatu ce, matarsa.

"Malam Isufu," ta ce, "abokinka ya riga mu."

Na ce mata ban ji ba, iska ta yi yawa. Na ji sarai. Ta sake faɗa. Ta ce ƙirjinsa ne ya riƙe bayan sallar asuba, kafin a isa lopital, wato asibiti, da shi rai ya yi halinsa. Na yi salati, na ce ga ni nan zuwa. Amma ban sauko nan take ba. Sai da na ƙarasa ɗaure kwanon, na murɗa wayar ƙarfen har ta ƙulle, domin ban san abin da hannuna zai yi ba idan na saki.

Ku da kuka shigo aikin nan daga baya ba ku san Garba ba, don haka bari in fara da yadda gidan yake a lokacin.

Alhaji Salifu ne mai gida, kamar yanzu, sai dai a lokacin hankalinsa ya fi tafiya ga motocinsa masu ɗaukar kaya zuwa arewa. Akwai mai ƙofa. Akwai ni, mai kula da kayan wuta: tele, dekoda, parabol, da gurup, injin da muke tayarwa idan an ɗauke kuran, wato wutar lantarki. Sai Garba, mai sharhi. Yanzu babu wannan muƙamin, kowa ya yi lakwal, wato boko, ko yana da waya a hannu. A lokacin kuwa, da yawa daga masu shigowa fataken shanu ne daga arewa, da direbobi, da masu dako, kuma tashar da Faransanci take magana, mai gudu irin na 'yan jarida. Sai in rage muryar tele, Garba ya hau doguwar kujerarsa a gefe ya ba da wasan da Hausa. Ba fassara abin da Bature ke faɗa yake yi ba. Abin da idonsa ya gani yake faɗa.

Ni ba mai magana ba ne, kun sani. Garba yakan ce wa mutane, "Da Isufu da gurup, gurup ya fi hira." A yi dariya, ni ma in yi. Mun yi shekaru a haka, shi yana magana ni ina gyara waya.

Tele biyu gare mu. Babbar tana gaba, ta wasannin Ingila da Sifen, nan jama'a suke cika. Ƙaramar tana can kusurwar baya kusa da ƙofar gurup, ita ce ta wasannin Italiya. Garba ne ya sa aka rataye ta, saboda mutum ɗaya: wani ɗan wasan gaba da duk Zongonmu na Kwatano ba a kiransa da sunansa, sai dai a ce Ɗan Aro.

Da ba'a sunan ya fara. Garba ya soma bin yaron tun yana ƙarami, lokacin da ƙungiyarsa ke ba da shi aro, bana nan, baɗi can, a ƙananan garuruwan da ba mu iya faɗin sunansu. Masu kallon babbar tele suka riƙa cewa, "Garba, yau ina aka kai ɗan aron naka?" Daga baya ya yi wata shekara mai kyau, aka saye shi zuwa wata ƙasa. Can abin bai yi ba. Aka miƙa shi gaba, nan ma benci ya ɗumama. Ya dawo gida mutane suna cewa ya ƙare. Sai ya samu ƙungiyar da ta zaunar da shi, ya shiga cin ƙwallo shekara bayan shekara, ba hayaniya, har aka wayi gari yana dab da wuce mutumin da ya fi kowa ci wa ƙungiyar a tarihinta, wanda ya yi wasansa tun ba a haifi iyayenmu ba.

Garba kansa ya yi shekaru a Libreville yana neman abin kansa, ya dawo Zongo da jaka ɗaya. Ba ya zancen, ni ma ban taɓa tambayarsa ba. Amma na ga fuskarsa ranar da Ɗan Aro ya dawo gida ya ci ƙwallonsa ta farko.

Idan Ɗan Aro na wasa, ko wane ne ke bugawa a babbar tele, Garba yakan ja kujerarsa ya koma baya. Samari su yi ta ƙorafi.

"Haba Garba, wasan Italiya ai maganin barci ne."

"To ka kwanta, in ya ci zan tashe ka."

"Ka bar mutane ɗari saboda mutum biyu?"

"Ku kuna da idanu. Ku yi amfani da su."

Abin da yake nufi da haka shi ne Baba Bello. Tsohon dillalin shanu ne, ya yi zamani a kara, sannan idanunsa suka tafi. Yana zaune wurin ɗansa a Akpakpa, ƙetaren gada. Ruwan sama ne ya fara shigo da shi wurinmu. Ya zo gaisuwa Zongo, ruwa ya tsare shi, mai ƙofa ya ba shi wuri a bencin baya. Ya zauna yana jin Garba yana ba da tarihin Ɗan Aro, can sai ya ce, "Wane ne wannan da ake ta yawo da shi kasuwa-kasuwa kamar bijimin da ba a taya ba?" Garba ya juyo ya ce, "Baba, ai kai ne za ka gane shi." Tun daga ranar, duk Lahadin da Ɗan Aro zai buga, wani ɗan zem, wato ɗan acaɓa, mai suna Kojo yakan ɗauko shi a babur, ya sauke shi a bakin ƙofa, ya dawo ya ɗauke shi bayan an tashi. Baba Bello bai taɓa ganin ƙwallo a tele ba a rayuwarsa. Lokacin da yake da ido, shanu yake kallo.

Alhaji ya daɗe yana so a sauke ƙaramar telen a ƙara benci a wurin. Wata rana a gabana ya ce, "Garba, su wa ke kallon abin nan? Kai, da makaho, da Isufu da ba ya magana."

Garba ya ce, "Alhaji, ka bar mu har Ɗan Aro ya wuce tsohon ɗan wasan nan mai riƙe da tarihi. Ranar da ya wuce shi, da hannuna zan sauke ta."

"In kuma ya karye kafin nan?"

"Sai ka zo ka yi mana jaje."

Alhaji ya yi dariya ya yarda. Shi kuma Baba Bello, Garba ya yi masa nasa alƙawarin, ba sau ɗaya ba: "Baba, ranar da zai ci wadda za ta kafa tarihi, daga bakin nan za ka ji ta, tun daga inda ya taso har inda ta kwanta." A makon da ya gabaci rasuwar, Ɗan Aro ya kamo tsohon ɗan wasan, suka yi kankankan. Saura ɗaya. Wasan kuma yammacin wannan Lahadi ne. Shi ya sa nake bisa rufi da sassafe.

Al'adar gidan nan, wadda har yau muke bi, ita ce idan aka yi rasuwa a cikinmu ko a layinmu, ana rufe kallo har sadakar uku, kuma bencinmu duka da rumfar tamfol ana kai su ƙofar gidan makoki. Ba a tambaya, ba a jira a roƙa. Da na sauko na tarar labari ya riga ya zaga. Alhaji ya aiko da mota. Ni da mai ƙofa da samarin layi muka kwashe benci ɗaya bayan ɗaya. Wani yaro ya haɗa har da doguwar kujerar Garba, ban hana shi ba. Alhaji ya ce da ni, "Isufu, ka rufe, kada in ji motsin komai a nan sai bayan kwana uku." Na ce to.

Bayan azahar aka yi masa salla, aka kai shi. An taru sosai. Waɗanda ke zaginsa saboda wasan Italiya su ne suka yi ta rige-rigen ɗaukar makara. Na zuba ƙasa da hannuna. Ba ni da abin da zan ƙara a kan wannan.

Muna zaune a ƙofar gidansu da yamma, a kan bencin da na sani ɗaya-ɗaya, sai yayan Garba ya ce za a buƙaci haske a rumfa kafin duhu. Na ce akwai doguwar waya da ƙwan lantarki a gidan kallo, bari in ɗauko. Na tafi ni kaɗai.

Ba yau aka fara kwashe bencin ba, amma ɗakin nan bai taɓa yi mini faɗi haka ba. Babu benci, sai alamun ƙafafunsu a siminti, da bawon gyaɗa a gindin bango. Takalmina har amsa kuwwa yake yi. Ina naɗe waya kenan na ji babur ya tsaya a waje, na ji sandar nan da na sani tana taɓa dokin ƙofa.

"Salamu alaikum. Yau ina 'yan Ingila, na ji shiru? Ko an ci su tun kafin a fara?"

Baba Bello ne, da farar riga sabuwar guga da hula, har da turare. Kojo na bayansa riƙe da gwiwar hannunsa. Babu wanda ya gaya masa. Dangin Garba ba su san shi ba, mu kuma ba mu da lambarsa, ba mu taɓa buƙata ba. Mutumin Lahadi ne, Lahadi ta yi sai ka gan shi.

Na amsa sallama. Kojo ya dubi ɗakin, ya dube ni, ya gane akwai wani abu. Na yi masa alama ya jira a waje.

"Isufu ne? Ina mai bakin?"

"Baba, ka zauna tukuna."

Ya miƙa sanda inda bencinsa yake, sandar ta daki iska. Ya sake lalubawa. Sai ya tsaya cik.

"Ina benci?"

Shi ɗan Zongo ne a zuciya, ya san inda benci ke tafiya.

"Wa ya rasu?"

Na ce, "Garba ne, Baba. Da asuba. Mun kai shi bayan azahar."

Ya yi salati a hankali, ya maimaita. Na shimfiɗa masa tabarmar da nake salla a kai, ita kaɗai ta rage a ɗakin, na riƙe shi ya zauna. Ya ajiye sandar a cinyarsa. Ya tambaye ni ko ya sha wahala, na ce a'a. Ya tambaya ko an samu jama'a, na ce an samu. Ya ce alhamdu lillahi. Na ce zan sa Kojo ya kai shi gidan makokin ya yi ta'aziyya.

"Zan je," ya ce. "Amma wa zan ce musu ni ne?"



Muka zauna. Na kira Kojo na ba shi wayar da ƙwan, na kwatanta masa gidan, ya kai. Can Baba Bello ya ce, "Ƙarfe nawa?" Na gaya masa. Ya ce, "Sun kusa fitowa kenan."

"Baba, gida a rufe yake. Alhaji ya hana."

"Na sani. Ban ce ka buɗe gida ba."

Ku fahimci abin da ke gabana. Idan aka ji, ba aikina kaɗai ba ne. A Zongo za a ce Isufu ya binne abokinsa da azahar, kafin magariba yana kallon ƙwallo. Irin wannan magana ba ta wankuwa. Amma ga tsoho ya ƙetaro gada da sabuwar riga domin abu ɗaya da aka yi masa alƙawari, wanda ya yi alƙawarin kuma yana ƙarƙashin ƙasa.

Na tura ƙofa na sa sakata. Na kunna ƙaramar tele, na kashe muryarta gaba ɗaya, don ko kaɗan ta fita mai shayin da ke jikin bangonmu zai ji. Sai bayan na zauna kusa da shi a tabarma na gane abin da na yi. Babu Bature, babu Garba. Idan ban yi magana ba, babu abin da zai ji.

"An fara, Baba."

"To."

Na kalli tele. Na ga mutane suna guje-guje. Bakina ya yi nauyi. Na shekara nawa ina jin Garba, amma ko kalma ɗaya tasa ta ƙi zuwa.

"Isufu, kana nan?"

"Ina nan."

"Ai na ɗauka kai ma ka tafi."

"Suna buga ta a tsakiya. Yanzu ta fita. An jefo. Ta sake fita."

"Shi fa?"

"Ba ta zo wurinsa ba."

"Ban tambaye ka ƙwallo ba. Ina ruwana da ƙwallo, ni da ban san kamarta ba? Shi nake tambaya. Garba ya ce mini ba a tsakiyar gilashi ake nemansa ba, a baki-baki yake. Duba can."

Na ɗauke idona daga ƙwallon, abin da ban taɓa yi ba. Na duba gefen hoton. Sai ga shi, ɗan ƙarami, shi kaɗai a gaba tsakanin dogaye biyu, 'yan uwansa duk suna nesa.

"Na gan shi. Yana tsaye. Ya juya wa dogayen baya."

"Yauwa."

"Ya ɗaga hannu. Ba su gan shi ba. Ya ruga ta hagu, ba a ba shi ba. Ya dawo yana tafiya, kansa a ƙasa."

"Haka yake wuni."

"Ya sake rugawa. An ba shi, amma ta yi tsawo. Ya tafa wa wanda ya bugo."

"Ba ya faɗa da mutane. Ci gaba."

Na ci gaba. Ba zan ce na yi kyau ba. Garba da zai ce dogon nan ya manne masa kamar kaska, ko ya ce mai tsaron gida yau ya karya da ƙwai. Ni abin da na gani kawai nake faɗa, guntu-guntu. Amma a hankali bakina ya saki. Sai na ga ashe mutumin nan da ake ƙirga masa ƙwallaye, yawancin wasan ba ya taɓa ta. Gudu yake yi inda ba a ba shi, ya dawo, ya sake. Sau ɗaya ta same shi a ƙafa ya buga, mai tsaron gida ya ture. Baba Bello ya dafa gwiwata ya ce, "Tana zuwa. Ya fara jin ƙanshinta."

Muna haka ladan ya kira magariba.

Kun san dokar gidan nan, ita ce ta farko da ake koya wa kowa. Da an kira salla, ba rage murya ake yi ba, ba canza tasha ake yi ba, zare wayar ake yi daga bango, sai an sallame a mayar. Alhaji ya yi wannan alƙawari da dattawan masallaci tun ranar da aka ba shi izinin buɗe wurin, kuma hannuna ne ke zarewa. An zage ni a kan haka ba iyaka. An taɓa jifana da takalmi ana shirin bugun fanareti.

Amma ranar babu kowa. Ƙofa a rufe, babu murya. Na ce, "Baba, kaɗan ya rage su tafi hutu. Mu ɗan jira, sai mu yi salla a lokacin hutun."

Ya ce, "In an kira, Garba me yake yi?"

"Shi ke fara sauka daga kujera."

"Ko ana tsakiyar me?"

"Ko ana tsakiyar me."

"To zare."

Na zare. Na kawo buta na zuba masa ya yi alwala a bakin ƙofar gurup, ni ma na yi. Ba mu fita masallaci ba. Na daidaita shi ga alƙibla, ya ja mu, ni kaɗai a damansa, rabin ƙafata a siminti. Bayan sallama ya ɗaga hannu ya yi wa Garba addu'a. Ya daɗe. Ya roƙa masa haske a kabari, ya ce, "Ya Allah, bawan nan naka ya ara mini idonsa bai taɓa gajiya ba." A nan ne na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba. Bai ce mini in daina ba.

Na mayar da waya. Dekodarmu ta lokacin tana ɗaukar lokaci kafin ta kama. Da hoto ya dawo, an riga an tafi hutu. A ƙasan gilashin ga sakamako, ga sunansa a rubuce.

"Baba," na ce, "ya ci."

"Yaushe?"

"Muna salla."

Ya ɗan yi dariya ta hanci. "Ɗan banza. Shekara da shekaru muna jiransa, bai iya jiran raka'a uku ba."

Suka nuno maimaici. Na ce masa ga ta nan za su sake nunawa. Ya gyara zama ya juyo da kunnensa wajena.

"An bugo ta daga gefe. Ya yi tsalle ya sa kai. Ta shiga."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Yana gudu, 'yan uwansa sun rufe shi. Mutane suna ta tsalle."

"Daga ina ya taso?"

Na jira suka sake nunawa ta wani ɓangare. Suka nuna sau uku ko huɗu. Duk daga lokacin da ƙwallon ta bar ƙafar mai bugowa suke farawa, shi kuma yana sama ya riga ya rabu da dogayen. Yadda ya kuɓuce musu, ta gaba ya bi ko ta baya, ya yaudare su ne ko sun yi sakaci, babu wanda ya nuna.

"Ba su nuna ba, Baba."

"To ai ba ka ba ni komai ba, Isufu. Shigarta raga kowa zai gaya mini, Kojo ma zai gaya mini a hanya. Ni yadda ya kai kansa wurin nake so."

Na ce ya yi haƙuri. Ya ce ba laifina ba ne, shi ya ce in zare, kuma ko yanzu aka sake shi zai ce in zare. Bai so mu ga sauran wasan ba. Na kashe. Da Kojo ya dawo, na raka su har gidan makokin, na riƙe hannunsa na kai shi gaban yayan Garba, na ce, "Wannan Baba Bello ne, abokin marigayi." Aka ba shi wuri a benci. Da zai hau babur ya riƙe hannuna ya ce, "Ka nemo mini inda ya taso. In ka samo ka zo ka faɗa mini, daga farko, kamar yadda shi zai faɗa."

Na ce in sha Allahu.

Washegari Alhaji ya kira ni gefe a wurin zaman makoki.

"An ce an ga haske ta ƙasan ƙofar gidan kallo jiya."

"Gaskiya ne, Alhaji."

"Kai da wa?"

"Ni da Baba Bello."

Ya daɗe yana jan carbi. Na tsaya ina jiran abin da zai yanke.

"Kun zare da magariba?"

"Mun zare."

"Ya ci?"

"Ya ci."

"To. In wani ya tambaye ka, ka ce ni na sa ka gwada dekoda." Ya juya zai tafi, ya sake juyowa. "Bayan sadakar uku ka sauke ƙaramar. Magana ta cika."

Na sauke ta da hannuna. Aka ƙara benci biyu a wurin. Ba a ɗauki wani mai sharhi ba.

Tashar takan maimaita wasa gaba ɗaya a cikin mako, amma a kwanakin muna zaman makoki, kuma ban sake kusantar ƙofar ba sai da aka buɗe. Kafin nan maimaicin ya wuce. Na bi samari masu manyan wayoyi, kowa ya nuna mini guntun nan dai, daga bugowa zuwa raga. Aka kwatanta mini wani mai shago a unguwar Gbégamey da ke zuba wa mutane wasanni a waya, na je, ya bincika, bai samu cikakken ba. Wani daga cikinku ya taɓa ce mini, "Malam, ai sai ka ƙirƙira, tsohon zai sani ne?" Na zauna a gefen Garba duk shekarun nan ina ganin abin da yake gani. Ya yi wa wasa ado, ya sa dariya, amma bai taɓa gaya wa tsohon abin da bai faru ba.

Da na ga abin ya ja lokaci, na hau zem na ƙetara Akpakpa don ko gaisuwa in yi. Na tarar 'ya'yansa sun mayar da shi gida, can wajen Kandi. Matar ɗansa ta ce tun da ya daina fita ran Lahadi ba ya son zaman Kwatano. Ta ce lafiyarsa ƙalau, sai rigima irin ta tsofaffi.

Abin da nake so ku riƙe daga wannan ba mai yawa ba ne. Mu muna ɗauka aikinmu hoto ne, parabol ta kama, kuran kada ya yanke. Wannan ma aiki ne, kuma ku yi shi da kyau. Amma a cikin masu shigo mana akwai wanda ba don hoton yake zuwa ba, kuma ba shi da wani wurin zuwa. Ku san sunansa, ku san unguwarsu, ku san wanda ke kawo shi. Ranar da za a kwashe benci, wani ya tuna ya aika masa.

Ɗan Aro ya ci gaba da cin ƙwallo bayan nan, ya tsufa, ya bar ƙungiyar. Ban bi shi sosai ba. Nakan tambayi direbobin Alhaji masu bi ta Kandi, sukan ce tsohon yana nan, yana zama a ƙofar gida da sandarsa. Sun ce in shirya duk ranar da nake so su tafi da ni. Ban je ba tukuna. Har yanzu ban samo inda ya taso ba, kuma ban ba Baba Bello labarin ƙwallon nan ba.